Gandun Dajin "W" da Makwabtansa na Ƙasar Bagudo

Duk wanda ya tashi daga Bagudo ya nufi yamma ta Kaoje ko Illo, ba zai daɗe ba sai ya iske iyakar Jamhuriyar Benin. Wannan iyaka ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingilishi. Can bayan iyakar, wajen Karimama da Banikoara, akwai gandun namun daji da ake kira "W", saboda yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar wannan harafi.

Ƙasar tana da tuddai da duwatsu waɗanda suka miƙo daga tsaunukan Atakora. A dā ƙudan tsando ya hana mutane yawan zama a cikinta, sai giwa da ɓauna da gwanki da zaki suka sami mafaka. A 1954 Faransawa suka mai da ita gandu na hukuma, wanda yau yake cikin Nijar da Benin da Burkina Faso. A 1996 UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gado na duniya, sa'an nan a 2017 aka haɗa da gandun Arly da Pendjari. Mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma a nan suke.

To, amma dokar gandu ta toshe wa makiyaya hanyoyin da kakanninsu suke bi da rani, ta hana mafarauta sana'arsu, kuɗin masu yawon buɗe ido kuwa kaɗan ne ya kai ƙauyuka. Da 'yan bindiga suka shigo daga Sahel, sai suka tarar da jama'a masu ƙorafi. A 2019 aka sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe ɗan jagoransu. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka masu gadin gandun "W". Baƙi suka ɗauke ƙafa.

Saboda haka ya kamata ma'aikatanmu na Kebbi su lura: makiyayin Bagudo da dabbar dawa ruwa ɗaya suke sha, ciyawa ɗaya suke nema. Gandun da makwabtansa ba su ci amfaninsa ba, bindigar mai gadi kaɗai ba za ta iya tsare shi ba.