Daga Kiyashi Zuwa Allura: Tarihin Ciwon Sukari

Jama'a, yau za mu ba ku tarihin ciwon sukari, domin wanda ya san asalin cuta shi ya fi iya zama da ita.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a duniya. Tun zamanin da, masu magani na ƙasar Indiya sun lura kiyashi ya kan taru a inda waɗansu marasa lafiya suka yi fitsari, sai suka sa wa cutar suna fitsarin zuma. Shehun malamin nan Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, shi ma ya bayyana alamunta. Cikin 1776 wani likita a Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafar da fitsarin mai ciwon, ya tarar da sukari a gindin kwano. An gane cuta ke nan, amma magani babu.

Cikin 1870 Jamusawa suka kewaye birnin Paris da yaƙi, abinci ya yi wuya. Wani likita, Bouchardat, ya ga sukari ya ragu cikin fitsarin waɗansu marasa lafiyarsa, saboda cinsu ya ragu. Ya riƙa horon mutane da rage ci da motsa jiki. Wannan ya taimaki manya ƙwarai. Amma yaron da ciwon ya kama, ko an tsare masa abinci, ba safai ya kan wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Cikin 1889 waɗansu likitoci biyu suka cire wa kare wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda a ke kira fankiriyas, nan da nan ciwon ya kama shi. Ashe ita ce ke yin wani ruwa, watau insulin, mai shigar da sukarin jini cikin naman jiki. Cikin 1921 Banting da Best suka tatso ruwan nan a Toronto ta ƙasar Kanada. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa yana bakin mutuwa. Ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Ƙwayar metformin kuwa, wadda a ke ba manya da yawa, cikin 1957 aka soma aiki da ita a Faransa.

To, mai karatu, ga abin da tarihin nan ke koya maka. Yaron nan bai warke ba, allura ce ta riƙe shi kullum. Haka maganinka ya ke. Kada ka bar shi don ka ji sauƙi, ko don wani ya ce yana da saiwar da za ta raba ka da ciwon. Idan allura ka ke yi, ka ajiye kwalbar a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, kada rana ta taɓa ta.

Darasin Paris kuma yana nan. Ka rage malmalar tuwo, ka yawaita miyar ganye, da zogale, da wake. Ka bar zuba sukari a shayi da fura da koko, ka guji lemon kwalba. Ka riƙa tafiya da ƙafa kowace rana. Kada ka yi yawo ba takalmi; ka duba ƙafafunka kowane dare, gama ɗan ƙaramin rauni ya kan zama gyambo. Idan ka sha magani sa'an nan ka ji jiki na rawa, gumi na keto maka, maza ka sha ruwan sukari, ka ci abinci. Kafin azumi kuma ka nemi shawarar likita.

Kai kuwa da ke fama da ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, kada ka jira kiyashi ya gaya maka. Je ka ɗakin shan magani a auna jininka, ɗigo ɗaya ya isa. Allah ya ba mu lafiya, amin.