Kofin gahawa guda a tsibirin Robben

Duk mai ƙorafin cewa ciyar da fursunoni ranar biki asarar kuɗi ce, nakan tuna masa tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda aka tsare Nelson Mandela daga 1964 zuwa 1982. A can launin fata ke raba abinci: Indiyawa da 'yan ruwa biyu suna samun burodi, baƙar fata kuwa sai kunun masara da dafaffiyar masara. Ranar Kirsimeti ba a fita fasa dutse. Ana ƙara wa kowa kofin gahawa guda, a bar shi ya sayi 'yar alewa. Sai a 1979 aka daidaita rabon. A ganina gwamnatin wariya ba tsimin kuɗi take yi ba, mutuncin mutane take aunawa da cokali.