Daga Game Boy zuwa Switch 2: tarihin jiran wasanni a na'urar hannu



Ranar 5 ga watan Yuni 2025 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna Switch 2, irin wadda ake riƙewa a hannu, in an so kuma a haɗa ta da tele. Cikin kwana huɗu kacal kamfanin ya ce ya sayar da fiye da miliyan 3.5. Tun ranar matasanmu ke ta tura wa juna bidiyoyin wasannin da aka ce suna tafe, wani ma har ya fara kiran yayansa da ke Faransa, ko ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai, a kan a taho masa da ita. To kafin kowa ya kwance bakin aljihu, mun ga ya dace mu waiwaya baya kaɗan. Wannan jira na “wane wasa ne zai fito” ya haura shekara 40 ana yinsa, kuma ba kowane mai jira ne ya ga abin da ya jira ba.

A 1979 wani kamfanin kayan wasan yara na Amurka, Milton Bradley, ya fito da Microvision, na'urar hannu ta farko da ake canza wa kaset. Dabarar ta yi kyau, sai dai wasannin da aka yi mata ba su wuce goma sha biyu ba ko makamancin haka, kuma a 1981 aka daina yinta. Wanda ya saya yana sa ran ƙarin wasanni, sai ya wayi gari da roba a hannu.

Nintendo kuwa tsohon kamfani ne, an kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, kuma da karta ya fara. Wani injiniyansa mai suna Gunpei Yokoi, an ce wata rana a cikin jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci ya gaji da zama yana ta danne-dannen na'urar lissafi don rage lokaci. Daga nan tunanin Game & Watch ya zo, wadda ta fito a 1980. Ita wannan babu maganar jira a kanta, domin kowace na'ura wasa ɗaya ne a cikinta, da agogo. Abin da ka gani shi ka saya. A kan ɗaya daga cikinsu ne, ta Donkey Kong ta 1982, aka fara sa maɓallin nan mai kama da alamar tarawa, wanda har yau yake jikin yawancin manet ɗin da muke riƙewa.

Jira na gaske ya soma ne da Game Boy, wadda ta fito a Japan ranar 21 ga Afrilu 1989. In ka dubi na'urar kanta, ba abin burgewa ba ce. Gilashinta ba kala, kore-kore ne mai duhu, ba ka ganin komai sai da haske. A shekarar kuma Atari ya kawo Lynx mai kala, a 1990 Sega ya kawo Game Gear, ita ma mai kala. Duk mai ido zai ce Game Boy ta sha ƙasa. Amma Game Gear pil shida take ci, kuma cikin awa uku zuwa biyar sun mutu. Game Boy pil huɗu, ta kai ka awa 15 ko fiye. Mu da muka taso muna shanya pil ɗin rediyo a rana don ya ƙara kwana ɗaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abu na biyu da ya ɗaga Game Boy shi ne Tetris. Wani masanin kwamfuta ɗan Tarayyar Sobiyet, Alexey Pajitnov, shi ya ƙirƙiro wasan a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. A farkon 1989 wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya tafi Mosko da kansa, ya zauna da hukumar gwamnati da ke riƙe da haƙƙin wasan, ya samo izinin sa shi a na'urar hannu. Shi ne kuma ya shawo kan shugaban reshen Nintendo na Amurka a kan a haɗa Tetris cikin kwalin Game Boy a maimakon Mario, da hujjar cewa Mario na yara ne, Tetris kuwa na kowa ne. Haka aka yi, aka sayar da na'urar dala 89.99 da Tetris a ciki, kuma wasan ya kai kwafi wajen miliyan 35. Da yawanmu ba mu taɓa riƙe Game Boy ta asali ba, amma mun san ƴar robar nan ta ƙasar Sin da ake kira Brick Game, wadda ake rubuta wa wasanni 9999 alhali yawancinsu bulo ne ke faɗowa. To jikanyar Tetris ce ta iso kasuwanninmu.

Zuwa 1995 Game Boy ta tsufa, ana ganin kwananta ya ƙare. Sai ga wani ƙaramin kamfani, Game Freak, ƙarƙashin Satoshi Tajiri, da wasan da suka yi kusan shekara shida suna fama da shi. Pokémon ya fito ranar 27 ga Fabrairu 1996. Halittu 151 ne a ciki, kuma an yi shi kala biyu, ja da kore, ta yadda ba ka iya tara su duka sai ka haɗa na'urarka da ta abokinka da waya kun yi musaya. Yaro ɗaya in ya saya, sai abokinsa ma ya matsa a saya masa. Na'urar da ta shekara bakwai sai ta dawo sabuwa. Game Boy da ƙanwarta mai kala sun ƙare da miliyan 118 da ɗoriya, Game Gear kuwa ta tsaya wajen miliyan 10. Ku lura da abu ɗaya: wanda ya sayi Game Boy a 1989 bai san da Pokémon ba, babu wanda ya yi masa alƙawarinsa. Wasan da ya fi kowane tasiri ba ya cikin jerin da ake jira.

A 2004 aka sake karawa, Nintendo da DS mai gilashi biyu, Sony da PSP wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Dukansu sun yi kasuwa: DS ta kai miliyan 154, PSP wajen miliyan 80, kuma a Japan wasan Monster Hunter ne ya riƙe PSP. Amma darasin da ya fi shafar mai saye yana cikin zagaye na gaba.

Nintendo ya fito da 3DS a farkon 2011, dala 249.99 a Amurka. An nuna wa duniya jerin manyan wasanni, Mario da Mario Kart da sauransu, amma ranar fitowar babu su a kanti. Mutane suka saya a makonnin farko, daga nan kasuwa ta tsaya cak. A watan Agusta, wata biyar da ƴan kwanaki bayan fitowarta, sai kamfanin ya zabge kuɗin zuwa dala 169.99. Shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya rage albashinsa da rabi, aka kuma ba waɗanda suka yi gaggawar saye tsofaffin wasanni 20 kyauta don a rarrashe su. Sai a Nuwamba Super Mario 3D Land ya zo, a Disamba Mario Kart 7 ya biyo baya, sannan na'urar ta miƙe har ta kai kusan miliyan 76. Wanda ya yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara ya samu na'urar da ragin dala 80, ga wasanni a ƙasa.

Ita kuwa PS Vita ta Sony, da ta fito a Disamba 2011, gilashinta ya fi na kowa kyau a zamaninta. Sai dai Monster Hunter da ƴan Japan ke jira a kanta ya koma wajen 3DS. Katin ajiyarta na musamman ne, ga tsada. Da ciniki ya yi sanyi, manyan kamfanoni suka ja baya, shi kansa Sony ya daina yi mata manyan wasanni ya maida hankali kan PlayStation 4, kuma a 2019 aka rufe ƙera ta. Abin zagaye yake yi: kamfanonin wasa suna jiran masu saye su yi yawa, masu saye suna jiran wasanni su yi yawa, in ba wanda ya fara motsawa sai na'ura ta mutu a tsaye.

Nintendo ma ya ɗanɗana wannan da Wii U, na'urar gida da ba ta wuce miliyan 13.5 da kaɗan ba. An yi wa masu ita alƙawarin sabon Zelda a 2015, bai zo ba sai 3 ga Maris 2017, ranar da Switch ta farko ta fito, kuma a kan na'urorin biyu. A wannan karo kamfanin ya koyi darasi, ya jera wasanni cikin shekara ɗaya: Zelda a Maris, Mario Kart 8 Deluxe a Afrilu, Splatoon 2 a Yuli, Super Mario Odyssey a Oktoba. Ba a bar mai saye ya yi wata uku hannu rabbana ba. Switch ta haura miliyan 150.

Duk da haka, ko a zamanin Switch akwai waɗanda jira ya gajiyar. A watan Yuni 2017 aka sanar da Metroid Prime 4, kuma abin da aka nuna suna ne kawai a kan baƙin allo. A Janairu 2019 kamfanin ya fito ya ce aikin bai yi ba, an rushe shi an miƙa wa wasu ma'aikata a Amurka su fara daga tushe. Zuwa watan Yuni 2025 shekara takwas ke nan, yaron da ya ji sanarwar yana aji shida na firamare har ya yi gemu. Sai kuma mu masoya ƙwallo, wanda shi ne wasan da ya fi cika ɗakunan wasa na unguwanninmu: daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, abin da ake sayar wa masu Switch wasa ɗaya ne ake sabunta sunayen ƴan wasa da riguna, alhali masu PlayStation suna samun sabon abu. Suna iri ɗaya a kwali, abin ciki daban.

To yanzu ga mu gaban Switch 2. Abin da ke ƙasa tun ranar farko shi ne Mario Kart World, da wasu wasannin da suka riga suka fito a wasu na'urori, kamar Cyberpunk 2077 da Street Fighter 6. Tana kuma karɓar yawancin kaset ɗin tsohuwar Switch, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai su. Abin da aka tsayar wa rana lokacin fitowarta a 2025: Donkey Kong Bananza ranar 17 ga Yuli, Pokémon Legends: Z-A ranar 16 ga Oktoba. Abin da a lokacin aka ce cikin 2025 ba tare da rana ba: Kirby Air Riders, da shi wannan Metroid Prime 4. The Duskbloods, na kamfanin da ya yi Elden Ring, an ce sai 2026. Kamfanin EA ma a lokacin ya ce wasan ƙwallonsa zai zo. Kun ga jerin kashi uku ne, kuma tarihin da muka bi ya nuna cewa kashi na farko ne kawai ke hannu a lokacin. Sauran, wanda ya saya dominsu a lokacin, cinikin biri a sama ya yi.

Mu zo ga lissafi. A Faransa, lokacin fitowarta a 2025, kuɗin na'urar yuro 469.99 ne, wato wajen jika 308 na sefa, kafin kuɗin ɗauko ta da na duwan da ribar mai kawowa. Kaset ɗin Mario Kart World shi kaɗai, farashin da kamfanin ya sa masa yuro 89.99 ne, kusan jika 59, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a 2025. Akwai kuma abubuwa biyu da bidiyoyin talla ba su cika faɗa ba. Na ɗaya, batirinta bisa faɗar kamfanin awa 2 ne zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin wasan, ga shi mun san yadda kuran ke yi mana lokacin zafi. Na biyu, wasu kaset ɗin yanzu babu wasa a cikinsu, mabuɗi ne kawai: ka sa shi, sannan ka sauke wasan ta intanet, wani ya kai giga 50. Street Fighter 6 irinsu ne. Wanda ke Tasawa ko Madawa yana auna forfe da ma'auni, gara ya juya kwalin ya karanta kafin ya biya.

Ba muna cewa kada a saya ba, kuma ba muna cewa kada a yi ɗoki ba. Ɗokin ma wani ɓangare ne na daɗin abin, kamar yadda ake hirar wasan ƙarshe na kofi kwana uku kafin a buga shi. Muna cewa dai mai niyya ya tambayi kansa: in da a ce daga yau ba za a ƙara fitar da wasa ko ɗaya ba, waɗanda ke ƙasa sun ishe ni in biya jika 300 da wani abu? In amsar e ce, bismillah. In kuwa sunan wasan da ke ranka yana cikin waɗanda ba su da rana, to kuɗinka ba ya ruɓewa. A 2011 watan Disamba ne ya nuna inda 3DS ta dosa, a 2017 kuma zuwa Oktoba an riga an san Switch ta tsaya da ƙafarta.