Daga Jim Crow Zuwa Troy Maxson: Baƙin Namiji a Wasan Kwaikwayon Amurka

Tun wajen 1830, sa'ad da Thomas Rice, wani farar fata, ya fara shafa baƙi a fuska yana rawar Jim Crow, dandalin Amurka ya daɗe yana nuna baƙin namiji a matsayin wawa ko abin tsoro. Masu neman gyara kuwa sukan zarce, su mai da shi waliyyi.

August Wilson ya kauce wa duka biyun a wasansa Fences na 1985. Tauraronsa, Troy Maxson, mai kwasar shara ne a Pittsburgh ta 1957. Ya yi shekara 15 a kurkuku, wariyar launin fata kuma ta hana shi shiga manyan ƙungiyoyin ƙwallon besbol. To, amma shi ɗin ne ya toshe wa ɗansa Cory hanyar jami'a, ya kuma haifi 'ya a waje, matarsa Rose ta rene ta.

Abin lura, har Troy ya mutu a 1965 bai nemi gafarar ɗansa ba. A ganina, da gangan Wilson ya bar tsirarsa a hannun waɗanda ya zalunta. Cory ya ce ba zai halarci jana'izar ba. Sai da Rose ta warware masa halin uban, nagari da mugu, sannan ya sauko.