Vijay Singh: Ɗan wasan golf da ya farfaɗo a Legas, ya zama na ɗaya a duniya yana da shekara 41

Vijay Singh ƙwararren ɗan wasan golf ne daga ƙasar Fiji. Ya lashe gasa 34 a rukunin PGA Tour na Amurka, ya ɗauki manyan kofunan duniya sau uku, ya kuma riƙe matsayin na ɗaya a duniya tsawon mako 32 tsakanin 2004 da 2005. Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne 22 daga cikin waɗannan nasarori sun zo ne bayan ya cika shekara 40, adadin da babu wanda ya kai a tarihin rukunin. Tun daga 2013 yake buga wasa a rukunin dattawa na 'yan shekara 50 zuwa sama.

A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ɗan wasa na bin ramuka 18 a kowane zagaye, kuma wanda ya jefa ƙwallo cikinsu da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Gasar ƙwararru kan ɗauki kwana huɗu, ana kuma sallamar kusan rabin 'yan wasan bayan kwana na biyu. Manyan gasanni huɗu ne ake auna darajar ɗan wasa da su: Masters, da PGA Championship, da US Open, da kuma Open ta Birtaniya.

Tasowarsa da dakatar da shi

An haifi Singh ranar 22 ga Fabrairun 1963 a garin Lautoka, ya girma a Nadi. Iyayensa 'yan Fiji ne masu asalin Indiya. Mahaifinsa makanikin jirgin sama ne da ke koyar da golf, kuma a hannunsa ya fara riƙe sanda. Salon bugunsa kuwa ya kwaikwaye shi ne daga Ba'amurke Tom Weiskopf. Ya shiga sahun ƙwararru a 1982, ya ci gasar Malaysian PGA Championship a 1984.

A 1985 tafiyar ta tsaya cik. Hukumar gasannin nahiyar Asiya ta dakatar da shi bisa zargin sauya adadin bugun da ke kan takardar makinsa a gasar Indonesian Open, don kada a sallame shi bayan kwana na biyu. Singh ya musanta cewa ya yi maguɗi, yana mai cewa rashin fahimta ce. A golf ɗan wasa da kansa ke sa hannu kan makinsa, don haka zargi irin wannan na taɓa mutuncin mutum kai tsaye, kuma ya bi shi shekaru da yawa. Da ƙofofin gasa suka rufe, sai ya karɓi aikin koyar da golf a wani ƙaramin kulob a Keningau, jihar Sabah ta Malesiya da ke tsibirin Borneo. A can ya saba da yin atisaye na sa'o'i masu yawa kullum, ɗabi'ar da aka san shi da ita har ya manyanta.

Daga Legas zuwa Turai

A wancan zamani akwai jerin gasanni da ake kira Safari Circuit, wanda ke kai ƙwararrun 'yan wasan Turai ƙasashen Afirka kamar Najeriya, da Kenya, da Zambiya, da Kwaddebuwa. Singh ya tara kuɗin tafiya ya shiga a 1988, ya kuma lashe gasar Nigerian Open a Legas. A ƙarshen shekarar ya ci jarrabawar samun izinin buga wasa a rukunin Turai.

A 1989 ya sake ɗaukar kofin Najeriya, ya haɗa da na Kwaddebuwa da na Zimbabuwe, ya kuma samu nasararsa ta farko a rukunin Turai a gasar Volvo Open da aka yi a Italiya. A 1991 ya ci kofin Sarki Hassan na Biyu a Maroko.

Shekarunsa a rukunin PGA Tour

Singh ya koma Amurka a 1993 yana da shekara 30. A shekarar ya ci gasar Buick Classic, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa. Babban kofinsa na farko ya zo a 1998, lokacin da ya lashe PGA Championship a filin Sahalee da ke jihar Washington, inda ya ba Steve Stricker ratar bugu biyu. A 2000 ya ci gasar Masters a Augusta, ya ba Ernie Els na Afirka ta Kudu ratar bugu uku.

Wannan lokaci ya zo daidai da ganiyar Tiger Woods, wanda Singh ya girma da kusan shekara 13. A 2003 Singh ya ci gasa huɗu, ya zama wanda ya fi kowa samun kuɗin kyauta a rukunin, matsayin da Woods ya riƙe shekara huɗu a jere. A shekarar ce kuma ya sha suka saboda ya fito fili ya nuna adawa da gayyatar 'yar wasan Sweden Annika Sorenstam zuwa gasar maza ta Colonial.

Shekarar 2004 ita ce ƙololuwar sana'arsa. Ya ci gasa tara, ya samu sama da dala miliyan 10.9, ya zama ɗan wasa na farko da ya haura dala miliyan 10 a kaka ɗaya. A watan Agusta ya sake lashe PGA Championship a filin Whistling Straits bayan wasan raba gardama da Justin Leonard da Chris DiMarco. Ranar 6 ga Satumba ya doke Woods a gasar Deutsche Bank Championship, suna tafiya tare a zagayen ƙarshe, ya kawo ƙarshen mako 264 da Woods ya yi a jere yana saman jadawalin duniya.

A farkon 2007 ya ci gasarsa ta 18 bayan cika shekara 40, ya shafe tarihin Sam Snead mai 17. A 2008 ya ci gasa uku cikin kimanin wata ɗaya, ya ɗauki kofin FedEx Cup da kyautar dala miliyan 10. Daga nan bai sake cin wata gasa a rukunin ba, kuma a farkon 2009 aka yi masa tiyata a gwiwa. Ya wakilci tawagar ƙasashen duniya sau takwas a gasar Presidents Cup da ake karawa da Amurka. An shigar da shi zauren fitattun 'yan golf na duniya a 2006.

Shari'a da hukumar gasa

A Janairun 2013 mujallar Sports Illustrated ta ruwaito cewa Singh na amfani da wani maganin feshi da ake haɗawa da ƙahon wata dabba dangin barewa, wanda aka ce yana ɗauke da sinadarin IGF-1 da aka haramta. Singh ya amsa cewa ya yi amfani da shi, amma bai san da haramtaccen sinadari a ciki ba. PGA Tour ta janye maganar a ƙarshen Afrilu bayan hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta ce amfani da maganin ba laifi ba ne. A watan Mayu Singh ya kai ƙarar PGA Tour kotu a New York kan ɓata masa suna. An sasanta a Nuwamban 2018 ba tare da bayyana sharuɗɗan ba.

A rukunin dattawa

An kafa rukunin dattawa a 1980 da sunan Senior PGA Tour, yanzu kuma ana kiransa PGA Tour Champions. Yawancin gasanninsa na kwana uku ne, ba a kuma sallamar kowa a tsakiya, sai dai manyan gasanninsa biyar da ake yi kwana huɗu. 'Yan wasa da yawa kan koma can da zarar sun cika 50, domin a nan ne suke zama mafi ƙuruciya a fili.

Singh ya buga gasarsa ta farko a rukunin a Hawaii cikin Satumban 2013, amma ya ci gaba da ba da mafi yawan lokacinsa ga PGA Tour, inda yawan nasarorinsa ya ba shi izinin wasa na dindindin. A 2016, yana da shekara 53, ya zo na biyu a gasar Quicken Loans National. A 2019, yana da 56, ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Honda Classic bugu ɗaya kacal tsakaninsa da na gaba, ya ƙare na shida. Wannan zaɓi ya rage masa shekarun da ya fi dacewa ya tara kofuna a tsakanin dattawa.

Nasararsa ta farko a can ta zo a 2017, a gasar 'yan bibbiyu ta Legends of Golf tare da Carlos Franco na Paraguay. A 2018 ya ci gasa uku: Toshiba Classic, da Senior Players Championship, wadda ita ce babban kofinsa na dattawa, inda ya doke Jeff Maggert a wasan raba gardama, sai gasar rufe kaka a Phoenix, inda ya kammala zagayen ƙarshe da bugu 61. Duk da haka kofin kakar bakiɗaya ya tafi hannun Bajamushe Bernhard Langer. A 2023, yana da shekara 60, ya ci gasar Ally Challenge a jihar Michigan, nasararsa ta biyar a rukunin.

Singh na zaune a Ponte Vedra Beach da ke jihar Florida, kusa da hedikwatar PGA Tour. A ƙasarsa kuwa yana da hannu a tsara filin Natadola Bay, inda aka fara gasar Fiji International a 2014.