Zubewar Gashi da Cututtukan Fata a Jikin Kyanwa: Dalilai da Hanyoyin Magancewa

Kyanwa dabba ce mai tsananin tsafta, wadda ke kashe wani babban kaso na lokacin da take a farke wajen lasar jikinta. Sai dai idan lasar ta wuce kima har gashi ya fara ƙarewa a ciki, ko tsakanin cinyoyi, ko ƙafafun gaba, to akwai matsala. Mutane da dama kan ɗauka damuwa ce ta jawo hakan, amma likitocin dabbobi sun tabbatar da cewa mafi yawan lokuta ƙaiƙayi ne.

Wani bincike da aka gudanar a ƙasar Kanada, aka wallafa a shekarar 2006, ya duba maguna 21 da aka yi zaton damuwa ce ke sa su cinye gashinsu. An gano cewa 16 daga cikinsu cuta ce a jiki, biyu ne kaɗai damuwa zalla, sauran ukun kuma sun haɗa duka biyun.

Abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi

Ƙuma ce kan gaba. Wasu maguna jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya tayar musu da ƙaiƙayi mai tsanani. Alamarsa ita ce ƙananan ɓawon ƙuraje masu kama da ƙwayar gero a wuya da gadon baya da gindin wutsiya. Rashin ganin ƙumar ba ya nufin babu ita, domin kyanwa kan haɗiye ta wajen lasa, ƙwayayenta kuma suna zube a shimfiɗa da darduma da lungunan ɗaki.

Abinci ma kan zama sanadi, musamman kifi da naman shanu da kaza, idan jikin dabbar bai karɓe su ba. Ana gano hakan ne ta hanyar sauya mata abinci na tsawon makonni takwas bisa umarnin likita.

Akwai kuma makero, wanda ke barin fili mai zagaye babu gashi. Yana kama mutane, musamman yara da masu raunin garkuwar jiki, don haka ya zama wajibi a wanke hannu bayan taɓa dabbar. Kirci da ƙwarin kunne su ma suna cikin jerin. Wani lokacin ma ciwo ne a mafitsara ko a gaɓoɓi ke sa kyanwa ta dage da lasar wuri ɗaya.

Lokacin da damuwa ce sanadi

Kyanwa ba ta son sauyi. Ƙaura zuwa sabon gida, zuwan jariri ko baƙi, shigowar wata kyanwar, hayaniyar janareta, ko kulle ta a ɗaki ba abin wasa, duk suna iya tayar mata da hankali. Lasa na kwantar mata da hankali, a hankali sai ta zame mata ɗabi'a.

Sauran alamomin sun haɗa da yawan ɓuya, ƙin cin abinci, faɗa, da yin fitsari a inda ba ta saba ba. Damuwa na da alaƙa da kumburin mafitsara. Idan aka ga muzuru yana yunƙuri fitsari ya ƙi fita, a garzaya da shi asibiti nan take, domin toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku.

Matakan kulawa

Likita kan fara da kankaro fata da duba gashi a madubin ƙara girma, sannan ya ba da maganin ƙuma ga dukkan dabbobin gidan. Sai an kawar da zargin cuta ake danganta matsalar da damuwa.

Daga nan sai a gyara muhalli: a samar mata maɓoya da wurin hawa mai tudu, a riƙa ba ta abinci a kan lokaci, a yi wasa da ita kullum. Idan magunan suna da yawa, kowace ta samu kwanon abincinta da kaskon yashin bahayarta, a ƙara ɗaya a kai. Duka ko tsawa ƙara dagula lamarin suke yi.

Gargaɗi

Kada a shafa wa kyanwa baƙin mai ko kalanzir ko maganin ƙwari na gona. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin permethrin guba ne gare ta, yana jawo karkarwa da farfaɗiya. Farasitamol kuwa, ko ƙwaya ɗaya na iya halaka ta.

Ana samun kulawa a asibitocin dabbobi na jihohi, da asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka.