Maryland ta Laberiya: ƙasar da ta koma gunduma

Malamin da ke koyar da taswirar Afirka ta Yamma yakan gaya wa yara cewa Laberiya na da gundumomi 15, sannan ya wuce. Amma ɗaya daga cikinsu, Maryland, da ke can ƙuryar kudu maso gabas, ta taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta.

A 1834 wata ƙungiya daga jihar Maryland ta Amurka ta sauke baƙaƙen fata ƴantattu a gaɓar teku, wurin da ake kira Cape Palmas, ƙasar ƙabilar Grebo. Suka kafa garin Harper. Daga 1836 zuwa rasuwarsa a 1851, John Brown Russwurm ne gwamnan wurin, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Lokacin da Laberiya ta ayyana ƴancinta a 1847, Maryland ba ta cikinta. Ita ma ta ayyana nata a 1854.

Ƴancin bai yi ƙarko ba. Baƙin suna son faɗaɗa gonaki da riƙe cinikin bakin teku, ƴan ƙasa kuwa suna ganin ana cinye musu gadon kakanni. A 1856 yaƙi ya ɓarke, baƙin suka nemi agajin Monrobiya. Sojojin Laberiya suka kawo ɗauki, kuma a 1857 Maryland ta yarda ta shiga Laberiya a matsayin gunduma. Rikicin ƙasa da Grebo bai mutu ba, don ya sake tashi a 1875.

Daga nan aka yi ta rage mata girma. A yarjejeniyar 1892 da Faransa, Laberiya ta rasa yankin da ke gabas da kogin Cavalla, ya faɗa cikin Kodibuwa, kogin ya zama iyaka, aka raba dangi gida biyu. Mutumin Maradi da ke da ƴan uwa a Katsina ba ya buƙatar dogon bayani kan irin wannan layi. A 1984 kuma aka yanki ɓangaren yammacinta, aka haɗa da wani yanki aka kafa gundumar Grand Kru.

A yau faɗin Maryland bai kai murabba'in kilomita 2,300 ba. Ƙidayar 2008 ta samu mutum kusan 136,000 a yankuna bakwai: Harper, Pleebo/Sodoken, Karluway ta ɗaya da ta biyu, Nyorken, Whojah da Gwelekpoken. Harper ce fadar mulki, Pleebo kuwa ita ce cibiyar kasuwa, kusa da gonakin roba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa kantoman gunduma, jama'a kuma su zaɓi sanatoci biyu. A Harper aka haifi William Tubman, wanda ya mulki Laberiya daga 1944 zuwa 1971, jami'ar garin ma sunansa take ɗauke da shi.

Malamai da iyaye, yaron da ya haddace sunayen gundumomi kawai zai ɗauka haka Allah ya halicci taswira. Idan aka nuna masa shekarar da aka ja layi, da wanda ya ja shi, da waɗanda ba a tambaya ba, zai iya yin tambaya ɗaya game da jiharsa da gundumarsa: wa ya yanka ta haka, kuma don me?